Rota, Garin da Ke Maƙwabtaka da Jiragen Yaƙi

Matafiyin da ya tsaya a bakin tekun Rota da sanyin safiya, a kudancin Sifaniya, idan ya juya fuskarsa gabas zai hangi jiragen ruwa masu launin toka a jere bayan wata doguwar katangar duwatsu, alhali a gabansa yara na wasa da rairayi. Wannan shi ne sansanin sojojin ruwa na Rota, a lardin Kadis na yankin Andalus, wanda Sifaniya da Amurka suke amfani da shi tare.

Asalinsa yarjejeniyar Madrid ce ta 1953, lokacin da Janar Franco, shugaban Sifaniya na wancan zamani, wanda ƙasashen Turai suka juya wa baya, ya bai wa Amurka damar kafa sansanoni domin ya samu tallafin kuɗi da makamai. Dalilin zaɓen wurin a fili yake, domin yana kusa da mashigin Jibralta, inda Tekun Atlantika ke haɗuwa da Bahar Rum. Ko da yake Amurkawa dubbai ne a ciki, babban kwamandan sansanin ɗan Sifaniya ne, tutar Sifaniya ce kuma ke kaɗawa. Ta Amurka sai da izini ake ɗaga ta, a ranar 4 ga Yuli, ranar 'yancin kan Amurka. Tsakanin 2014 da 2015 aka girke jiragen yaƙin Amurka huɗu masu kakkaɓo makamai masu linzami, a ƙarƙashin shirin tsaro na NATO, sannan a 2023 aka sa hannu kan ƙara biyu.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙasar da sansanin ke kai. Fiye da hekta 2,000 ce, kuma da yawanta gonaki ne na ƙananan manoma waɗanda suka yi suna wajen noman tumatir da kabewa, kafin hukuma ta karɓe. Jikokinsu ne yau suke sammako zuwa ƙofar sansanin da katin shaida a wuya, wasu kuma suna bai wa sojoji hayar gidaje. Shi ya sa idan masu adawa da sansanin suka yi tattaki zuwa ƙofarsa, kamar yadda suka saba tun shekarun 1980, mutanen gari da yawa sukan tsaya gefe suna kallo, domin wanda tukunyarsa ke tafasa da albashin wurin ba zai ɗaga kwalin adawa da shi ba, ko da yana jin ciwon gonar kakansa.

A ɗaya gefen garin akwai tsofaffin shingayen duwatsu da masunta suka gina cikin ruwa. Idan teku ta cika, kifi ya shiga. Idan ta janye, sai ya maƙale, masunta su bi shi da ƙafa, wando a naɗe har gwiwa, yayin da jirgin sama na dakon kayan soja ke ratsawa ta samansu zai sauka.