Kirsimetin 7 ga Janairu: yini guda da Kibɗawan Masar

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Daga Alƙahira nake magana, yau 6 ga Janairu. Kun ga yadda na naɗe wuya. Sanyin nan ba irin hunturun gida ba ne mai ƙura da fasa leɓe, wannan danshi gare shi, har cikin ƙashi yake ratsawa. Yanzu na sauka daga jirgin metro a tashar Mar Girgis, ga katangar tsohuwar ganuwar Rumawa nan a bayana.

Na san wani zai ce ai Kirsimeti ta wuce da kwana goma sha biyu. A gida ta wuce. A nan kuwa daren yau ne. Kiristocin Masar, wato Kibɗawa, dangin Nana Mariya mahaifiyar Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW), gobe 7 ga wata suke sallarsu, suna kiranta Idul Milad, wato sallar haihuwar Annabi Isa Almasihu, kuma hutu ne ga ƙasar baki ɗaya tun da aka ayyana haka a ƙarshen shekarar 2002.

Bari in faɗa muku mafarin wannan bidiyo. A gidan da nake haya a unguwar Shubra akwai wani dattijo Bakibɗe, ƙofarsa na kallon tawa, Ammu nake ce masa kamar yadda ake kiran manya a nan. Ƙarshen watan Nuwamba wani ɗan uwa ya zo mini da kilishi daga gida, na ɗiba na kai masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya shinshina, ya yi godiya, sannan ya naɗe shi a takarda ya ce, "Ya ɗana, wannan sai daren 7 ga Janairu." Ashe azumi suke yi. Kwana 43 cur, daga 25 ga Nuwamba, ba nama, ba ƙwai, ba madara, ba man shanu. Kifi kaɗai aka yi musu rangwame a kai, shi ma ban da Laraba da Juma'a. Ni da na girma a Zariya, na saba ganin maƙwabtanmu Kiristoci da 'yan uwanmu Hausawa na Wusasa suna ɗinkin sabbin kaya, ana aiko mana da shinkafa da miya, ban taɓa jin mutum ya yi wata ɗaya da rabi yana ƙaurace wa nama don shirin wannan rana ba. Tun daga ranar na fara tambaya da karatu.

Ku biyo ni. Wannan lungun da nake sauka cikinsa, kun ga ya yi ƙasa da titi sosai, shi zai kai mu cocin Abu Sirga. A gefe ga cocin da ake kira Mu'allaƙa, wadda aka gina a kan ƙofar ganuwa, in ka yi 'yar tafiya kaɗan kuma ka iske masallacin Amru ɗan Asi, masallaci na farko a ƙasar Masar.

To ga mu a ciki, zan sassauta murya. Ku dubi waɗannan matakala da suka gangara ƙarƙashin ƙasa. Ɗan ɗaki ne ƙarami, rufinsa a kusa da kai, da ginshiƙan dutse. Kibɗawa sun gāji labarin cewa a nan Nana Maryam da ɗanta da Yusufu kafinta suka fake lokacin da suka gudo Masar. Yanzu wata tsohuwa ta wuce ni, ta tuɓe takalmi, ta dafa bango ta sumbaci hannunta, idonta cike da hawaye. Ban ɗauke ta ba, bai dace ba.

Labarin gudun yana cikin Linjilar Matiyu. A cikin Linjila huɗu da Kiristoci ke karantawa, biyu ne kawai suka kawo labarin haihuwar, Matiyu da Luka. Luka ya ce Kaisar Augusta ya ba da umarnin ƙidayar jama'a, shi ya sa Yusufu da Maryamu suka tashi daga Nazarat zuwa Baitalami, garin Annabi Dawuda. Ba su sami masauki ba, ta haihu ta naɗe jaririn da zane ta kwantar da shi a komin dabbobi, kuma makiyaya masu kwana a daji da garkensu ne mala'ika ya fara yi wa bushara. Matiyu shi ya kawo zancen masana daga gabas da suka bi tauraro, suka zo da zinariya da lubban da mur, da sarki Hirudus da ya ji tsoron sarautarsa ya sa a kashe yara maza 'yan shekara biyu zuwa ƙasa a Baitalami.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, duk cikinsu babu wanda ya ambaci rana ko wata. Kiristocin farko ma ba su yi bikin haihuwar ba, babbar sallarsu ita ce Ista, ta tunawa da tashin Almasihu daga matattu a imaninsu. A nan Masar ɗin, wajen shekara ta 200, wani malaminsu na Iskandariyya mai suna Kilimentus ya rubuta cewa wasu na lissafa ranar a 20 ga Mayu, wasu kuma a watan Afrilu. Wani malamin, Orijen, shi ma ɗan Iskandariyya, har cewa ya yi mutane biyu ya gani a littafi suna murnar ranar haihuwarsu, Fir'auna da Hirudus. Kun ji ko? Muhawarar ko a yi bikin haihuwa ko kada a yi, su ma sun sha ta.

Shaida mafi tsufa da ke nuna ana bikin a 25 ga Disamba ta fito ne daga birnin Rum, a wani jerin ranaku na shekara ta 336, zamanin sarki Kustantin, bayan an daina farautar Kiristoci. Me ya sa wannan rana? Masana tarihi sun kasu biyu. Kashi na farko sun ce lokacin ne rana ke juyowa, dare mafi tsawo ya wuce, kuma Rumawa na da bukukuwa a tsakanin nan, har da na abin bautarsu na rana wanda sarki Aureliyan ya gina wa ɗakin bauta a shekara ta 274, sai coci ta ɗora nata bikin a kai. Kashi na biyu sun ce lissafi ne na cikin gida: tun kafin Kustantin akwai Kiristocin da suka riƙe 25 ga Maris a matsayin ranar da aka ɗauki cikinsa, ka ƙara wata tara, ka faɗa 25 ga Disamba. A wajenmu bayanin farko kaɗai ake yaɗawa, a yanke hukunci a ce ai bikin maguzawan Rum ne, shi ke nan. Ni ban ga adalci a nan ba. In za ka faɗi tarihin mutane, faɗe shi duka, ko da ba ka tare da su.

Saura 7 ga Janairu, wannan kuma zancen kalanda ne. A shekarar 1582 Fafaroma Giregori na 13 ya gyara tsohuwar kalandar Rumawa saboda ta zame daga tafiyar rana. Mutane suka kwanta 4 ga Oktoba suka wayi gari 15 ga Oktoba. Cocin Masar ba ta bi ba, haka na Habasha da Rasha da Sabiya. Yau tazarar ta kai kwana 13. Ke nan 25 ga Disamba a tsohon lissafi ita ce 7 ga Janairu a sabo, rana ɗaya ce, ƙirge ne ya bambanta. Kibɗawa ma da nasu watannin suke kiranta, 29 ga watan Kiyahk, kuma shekarunsu daga 284 suke fara ƙirga su, shekarar da sarki Diyokiletiyan ya hau mulki, wanda ya zubar da jininsu da yawa. Shi ya sa suke ce mata kalandar shahidai.

Bishiya mai fitilu da tsoho mai jar riga, waɗanda nan ake ce wa Baba Nowel, ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba. Bishiyar al'adar Jamusawa ce da ta yaɗu daga ƙarni na 16. Tsohon kuma asalinsa wani bishop ne, Nikolas, na garin Mira a ƙasar Turkiyya ta yanzu, a ƙarni na 4, wanda ya shahara da kyauta a ɓoye. Duk daga baya suka shigo.

Yanzu magariba ta yi, na dawo Shubra, na yi salla. Ku ga layin mahauta yadda ya cika, mutanen da suka yi kwana 43 ba nama ne ke shirin buɗe baki. A nan ne nake son ku ba ni hankalinku, domin nan ne zuciyar maganar.

Makon jiya na zauna da Ammu muna shan shayi, na ce masa, "Ammu, in aka cire bishiya, aka cire kyauta, aka cire ranar ma tun da ba a rubuce take ba, me ya rage?" Ya ajiye kofi, ya ce kalma ɗaya ta Larabci: tajassud. Ma'ana ɗaukar jiki. A imaninsu, wanda aka kwantar a komin nan ba annabi ba ne kawai, Kalmar Allah ce ta har abada ta zama mutum ta zauna cikin mutane, kamar yadda farkon Linjilar Yahaya ya faɗa, domin ta cece su daga zunubi da mutuwa. Ya ce shi ya sa komin dabbobi yake da nauyi a wurinsu, mafi ɗaukaka ya zaɓi wuri mafi ƙasƙanci, kuma talakawan makiyaya aka fara sanarwa kafin sarakuna. Ya ce azumin ma shiri ne na karɓar Kalma, kamar yadda Annabi Musa ya yi kwana arba'in kafin ya karɓi allunan. Sauran kwana ukun kuma na tunawa ne da azumin da kakanninsu suka yi a zamanin halifa Mu'izzu na Faɗimiyyawa, a labarin da suke bayarwa cewa dutsen Muƙaɗɗam da ke gefen Alƙahira ya motsa bayan azumin.

Wannan aƙida a ƙasar nan aka yi gumurzu a kanta. Wani limamin coci na Iskandariyya, Ariyus, ya ce Almasihu halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Aka tara bishop-bishop a Nikiya a shekara ta 325 aka ƙi maganarsa, kuma wanda ya ƙare rayuwarsa yana kare hukuncin taron, Atanasiyus, shi ma na Iskandariyya ne, sau biyar ana korarsa daga kujerarsa. Shekara goma sha ɗaya bayan taron sai ga bikin haihuwa a rubuce a Rum. Ni a ganina ba a raba biyun, mutanen da suka gama tabbatar wa kansu wane ne shi, su ne suka ga ranar zuwansa ta cancanci salla.

A nan hanyarmu ta rabu, kuma ban ɓoye masa ba. Na ce, "Ammu, mu mun yi imani Nana Maryam ta haife shi ba tare da namiji ya taɓa ta ba. Sura guda muke da ita da sunanta, ta 19. A cikinta naƙuda ta kai ta gindin dabino, aka ce ta girgiza shi nunannun 'ya'ya su zubo mata, kuma jaririn ya yi magana yana cikin zanen goyo. Amma farkon abin da ya faɗa shi ne shi bawan Allah ne, an ba shi littafi an sanya shi annabi. Allah bai haifa ba, ba a haife shi ba." Ya gyaɗa kai, ya ce ya sani, shekara saba'in yana jin surar daga lasifikar masallatai. Na tuna masa cewa ita ce Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta a gaban Najjashi na Habasha har sarkin ya yi kuka. Bai bar nasa ba, ban bar nawa ba, ya ƙara mini shayi. Wallahi na fi ganin girman wannan zama a kan irin maganar da ake yi don a faranta rai, a ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma shi ma ba zai so in ce ɗaya ne ba.

Masu tambaya ko ya halatta a taya su murna, na san malamanmu sun yi saɓani, kowa ya bi wanda ya natsu da shi. Abin da nake gani a nan dai, Shehun Azhar, Ahmad Aɗ-Ɗayyib, yakan je da kansa wurin shugaban cocinsu, Fafaroma Tawadros na 2, ya yi masa barka da salla.

Ƙarfe goma na dare. Ina tsaye nesa kaɗan da wata coci a unguwarmu, ba zan matsa da kyamara ba saboda jami'an tsaro na duba masu shiga. Wasu na nuna ɗan zanen gicciye da ke cikin wuyan hannunsu na dama, wanda ake yi wa da yawansu tun suna yara. Ku saurara. Ba ganga, ba jita, ba piyano. Muryoyi ne kawai da wasu 'yan faya-fayan ƙarfe biyu da ake bugawa, suna rera yabo da Larabci da harshen Kibɗanci, wanda ya samo asali daga harshen mutanen Fir'auna. Maza gefe guda, mata gefe guda, da yawansu da ɗan kwali a ka. Ƙamshin lubban har nan titi yake isowa. Duk watan Kiyahk haka suke raya daren Asabar wayewar Lahadi da yabo, yau ne cikamakin, sai wajen tsakar dare za su fito.

To jama'a, ƙarfe ɗaya saura. Na ji hayaniya a matakala, yara na gudu da sabbin kaya, sai ga ƙwanƙwasa ƙofa. Jikar Ammu ce da faranti. Bari in matso muku da shi. Wannan ita ce fatta: gasasshen burodi a ƙasa an jiƙa shi da romo, shinkafa a kai, an zuba tafarnuwa da aka soya da ruwan khal, ga tsokar nama a sama, daga wurin mahaucin da ni ma nake saye. Wannan farin mai garin sukari kuma kahk ne, irin wanda Musulmin Masar ke toyawa da ƙaramar salla.

Ga Ammu can a bakin ƙofarsa, bai ko cire rigar coci ba. Barka da salla, Ammu, kullu sana wa inta ɗayyib! Kun ga takardar da ke hannunsa? Kilishin nan ne na watan Nuwamba, yanzu ya warware shi. Ya gutsura, yana taunawa a hankali, yajin ya sa ya runtse ido, yana kiran matarsa ta zo ta ɗanɗana. Bari in ajiye kyamarar in je, ya ce ba zai ci shi kaɗai ba.