Amsoshin Tambayoyinku: Koyar da Ɗaliban Likita da Binciken Ƙwayoyin Halitta

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko daga wata ɗaliba ce da ke shirin kammala digirin farko a fannin kimiyyar halittu. Ta ce: "Ina sha'awar koyarwa a makarantar likitoci da binciken ƙwayoyin halitta. Shin sai na zama likita tukuna?"

To, malama, ba dole ba ne. Da yawa daga cikin masu koyar da ɗaliban likita a shekarun farko, wato darussan sassan jiki da yadda gaɓoɓi ke aiki, ba sa duba marasa lafiya. Hanyarsu ita ce digiri na biyu, sai digirin digirgir, sai ƙarin shekarun horo a ɗakin gwaje-gwajen wani gogaggen masani. Daga nan lakcara, har Allah ya kai mutum matsayin farfesa, gwargwadon binciken da ya wallafa da ɗaliban da ya yaye.

Amma bari in gaya miki abin da ba a cika faɗa ba. Ƙwayoyin da ake reno a ɗan faranti, cikin akwati mai ɗumin maki 37 kamar jikin mutum, ba su san hutu ba. Bayan kwana biyu ko uku sai an canza musu ruwan abincinsu. Ƙwayar cuta guda ta faɗa ciki, da safe ki tarar ruwan ya gurɓace, aikin makonni ya tafi, ga kuma aji na jiranki. A ganina wannan ne ma'aunin, ya fi sakamakon jarrabawa: za ki iya sake farawa?

Dubi Katalin Karikó, masaniyar kimiyya 'yar ƙasar Hangari. A 1995 an rage mata matsayi a jami'a a Amurka bayan ta kasa samun kuɗin bincike. Ba ta saki aikinta kan mRNA ba, wato sinadarin da ke kai wa ƙwayoyin jiki saƙon abin da za su ƙera, wanda daga baya aka gina wasu alluran rigakafin korona a kansa. A 2023 ta karɓi lambar yabo ta Nobel tare da abokin bincikenta Drew Weissman.

Sai wani bawan Allah da ke tambaya ko gaskiya ne akwai ƙwayoyin jikin wata mata da ta daɗe da rasuwa, amma suna raye. Ƙwarai kuwa. Henrietta Lacks ce, ta rasu a 1951 sanadiyyar sankarar bakin mahaifa. An ɗebi ƙwayoyin ba da saninta ba, abin da har yau ke sosa rai. Ana kiransu HeLa, da su aka gwada rigakafin shan inna, kuma suna ci gaba da hayayyafa a ɗakunan gwaje-gwaje a faɗin duniya.