Ruwan rijiyar unguwarku, wa ya taɓa auna shi?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Wannan ɗan abin da ke hannuna mai kama da biro shi ne mitar TDS, masu fiya wata duk sun san shi. Ka tsoma bakinsa a kofin ruwa, nan take lamba ta fito. To amma ku saurara da kyau, gishiri da ma'adinan da suka narke a ruwan kawai yake aunawa, bai ganin ƙwayar cuta, bai iya gaya maka ko akwai dalma. Don haka in wani ya nuna maka ƙaramar lamba ya ce ruwa lafiya lau, wallahi da sauran magana.

Ƙwayar cuta tana da nata gwajin, 'yar kwalba ce ta H2S, ka zuba ruwan ka rufe ka ajiye kwana ɗaya zuwa biyu, in ya koma baƙi to alama ce ƙazantar masai na shiga rijiyar. Mu nan cikin birnin Katsina da Daura da gidaje ke manne da juna, rijiya nan shadda nan, wannan gwajin ya fi kowanne muhimmanci a wurina, musamman da damina.

Sai 'yar takardar gwajin sinadarin naitiret, wadda ke canza launi in akwai shi a ruwan. Taki da masai ke kawo shi cikin ruwa, Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce kada ya wuce miligiram 50 a lita, jarirai ya fi yi wa illa, kuma tafasa ruwan bai fitar da shi.

Babbar cikinsu ita ce na'urar XRF ta hannu, ana ɗora ta kan ƙasa ta faɗi yawan dalmar da ke ciki cikin ƙanƙanin lokaci. Ku tuna Zamfara a 2010, yara wajen 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ana niƙa dutsen zinare mai ɗauke da dalma a tsakar gida, ana ta cewa zazzaɓi ne. Da irin wannan na'urar aka bi gida gida aka gane inda za a kwashe ƙasa.

Ita kam tsada gare ta, sai dai hukuma ko jami'a. Amma kwalba da takarda, kwamitin unguwa zai iya haɗa kuɗi ya saya, a ba matasa biyu su riƙa rubuta rana da sakamako a littafi, in an ga matsala a ɗauki littafin a kai wa RUWASSA, hukumar samar da ruwa da tsaftar muhalli a karkara, su zo su tabbatar.