Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Lacca Kan Ziyarar Wuraren Tarihi a Andalus

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya kuna ji na? To madalla. A ɗan rage muryar lasifikar nan, tana kuka.

Malam shugaban taro ya ba ni minti 40, ya ce in yi magana kan yawon buɗe ido a Turai, irin wanda ake haɗa mutane ayari guda, a ba su ɗan jagora ya zaga da su wuraren tarihi. Turai da faɗi take, don haka na ɗauki ƙasa ɗaya, Sifaniya, a cikinta ma kudancinta, wato Andalus. Abubuwa huɗu zan taɓa: shirin tafiya, garuruwan da ake zagawa, zaɓen jagora, sannan abinci. In Allah ya yarda ba zan wuce lokaci ba. Malam yana dariya, ya san ni.

Na farko, shiri. Wannan ba zan daɗe a kai ba. Bizar Schengen ake nema, wato bizar haɗin gwiwa ta yawancin ƙasashen Turai, tana ba ka izinin zama har kwana 90 a cikin kwana 180, kuma sai da inshorar lafiya ta Yuro 30,000. Kada ku je a Yuli ko Agusta. Zafi a Kurɗuba da Ishbiliya, wato Córdoba da Sevilla a bakin Sifaniyawa, yakan haura digiri 40. Na san wani zai ce ai shi ɗan Sakkwato ne. To a Sakkwato da azahar kana ƙarƙashin rumfa, can kuwa kana tafe da ƙafa bisa dutse, ka biya kuɗi kuma. [Dariya] Afrilu, Mayu ko Oktoba sun fi. Daga Madrid akwai jirgin ƙasa mai gudun tsiya, tun 1992 aka buɗe layin, ƙasa da awa biyu ka isa Kurɗuba.

Na biyu, garuruwa. Kamfanonin da ke shirya wannan tafiya kusan duk garuruwa uku suke bi: Kurɗuba, Ishbiliya, Garnaɗa, wato Granada. A Kurɗuba za a kai ku babban masallacin da Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen 785, zan dawo kansa. Akwai kuma kufan Madinatuz Zahra, kamar kilomita 8 daga gari, birnin da Abdurrahman na Uku ya gina bayan ya ayyana kansa halifa a 929. Yawancin ayari ba sa zuwa can, ku ku nace a kai ku. A Ishbiliya akwai Giralda, hasumiyar kiran salla da Muwahhidun, sarakunan Musulmi daga Maroko, suka gama a 1198, yanzu ƙararrawar coci ce a samanta. Ba matakala ake takawa ba, gangara ce take nannaɗewa har dab da sama, don haka ko mai ciwon gwiwa zai iya lallaɓawa. Shi ke nan Ishbiliya, masoyanta su yafe mini, don ni hankalina yana Garnaɗa.

Garnaɗa, jama'a. Fadar Alhambra.

Bari in fara da tikiti, don nan mutane suke kuka. Tikitin da sunanka yake fitowa, kuma sai ka nuna fasfo a ƙofa. Sashen fadojin sarakunan Banu Nasar, gidan sarautar Musulmi na ƙarshe a Garnaɗa, wanda shi ne zuciyar wurin, an rubuta maka sa'ar shiga a jikin tikitin. Ka makara, ka rasa, ba roƙo, ba "ka san ko ni wane ne". A lokacin cunkoso kuma tikitin yakan ƙare makonni kafin ranar. Saboda haka duk kamfanin da ya ce zai kai ku Alhambra, ku tambaye shi ƙarara: da fadojin Banu Nasar a ciki ko babu? Akwai tikiti mai araha na lambuna da ganuwa kawai, wasu da shi suke rufe ido.

To kun shiga. Muhammadu ɗan Ahmar, sarkin farko na Banu Nasar, shi ne ya aza harsashin wurin a 1238, amma abin da ido yake sha'awa yawanci aikin sarakuna biyu ne na ƙarni na 14, Yusufu na Ɗaya da ɗansa Muhammadu na Biyar. Ga abin da nake so ku riƙe, in ma kun manta sauran laccar. Bangon gidan nan rubutu ne. Rubutu ne tun daga daidai kafaɗarka har rufi. Baturen da ke gefenka ado yake gani, zane mai kyau, ya ɗauki hoto ya wuce. Kai da ka yi makarantar allo, harafi kake gani. Za ka ɗaga kai ka karanta "Wa la galiba illallah", taken gidan sarautar, an maimaita shi ba adadi, a kan ƙofa, a kan ginshiƙi, a gefen taga. Ka gane? Kai ne baƙo, amma kai bangon yake yi wa magana.

Akwai zauren da sarki yake karɓar jakadu, a cikin hasumiyar Comares mai tsawon mita 45. Rufinsa na katako ne, guntaye sama da 8,000 aka harhaɗa, an jera taurari hawa-hawa. Jagora zai ce muku wannan sammai bakwai ne, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da sau da yawa ba zai nuna muku ba shi ne layin rubutun da ke ƙarƙashin rufin. Tabara ce. Suratul Mulk, wadda da yawanku kuke karantawa kafin barci. Surar da ta ce Allah ne ya halicci sammai bakwai hawa-hawa, ka mai da dubanka, ko ka ga wata ɓaraka? Magini ya rubuta surar, sannan ya ɗora maka rufin a kanta ya ce to ɗaga kai. Kuma ku lura da inda aka sa ta: a ɗakin da sarki yake zama bisa gadonsa, aka rubuta masa cewa mulki a hannun Allah yake. Jakadan da ya shigo zai karanta, sarkin ma kullum yana ƙarƙashinta.

Na taɓa bin wani ayari, ba zan faɗi kamfanin ba, jagorarmu ta ba wannan zaure kamar minti uku. Tana ɗaga 'yar tutarta tana kora mu gaba kamar garken tumaki ranar kasuwa. Amma da muka isa wani ɗaki a gefen farfajiyar zakuna, sai ta tsaya ta baje labari, wai jan tabon da ke cikin kwarmin ruwan jinin wasu manyan gari ne da sarki ya sa aka yanka a wurin. Tsatsa ce, jama'a, tsatsar ƙarfe ce a jikin marmara. Amma labarin jini ya fi sayuwa. Ban ga laifinta sosai ba, abin da masu biya suke so ke nan. Sai dai ku, in kun biya, ku nemi abin da ya fi wannan.

Farfajiyar zakunan ita ce wadda kuke gani a hotuna: zakuna 12 na marmara suna ɗauke da kwarya babba ta ruwa, ginshiƙai 124 sirara sun kewaye su. A bakin kwaryar nan baitoci ne na Ibn Zamrak, waziri kuma mawaƙin fada. Mutumin nan, a jikin bango da marmara aka wallafa masa diwaninsa. Wane mawaƙi ne a cikinmu ya taɓa samun haka? Ɗaliban Larabci da ke nan, ku nemi baitocin ku karanta tun daga gida, don a can ba za a bar ku ku tsaya kuna haɗa baƙi ba, na bayanku suna turowa.

Sai ruwa. Kai, ruwa! Fadar tana kan tudu, kogin Darro yana can ƙasa. Yaya aka yi ruwa ya hau? Ba inji, ba famfo. Sai suka bi kogin sama, kamar kilomita 6, inda ya fi fadar tudu, suka tare shi, suka yanka magudana a gefen dutse tana gangarowa a hankali a hankali, ta ratsa lambunan Generalife, ta haye gada ta shiga fada. Nauyin ruwan ne kawai yake aikin. A cikin lambun akwai wata matakala da ruwa yake gudu ta cikin madafin hannunta, kana hawa kana tsoma yatsu. Injiniyoyinmu na hukumar ruwa, in akwai su a nan, ban ce komai ba. [Dariya]

Kuma wannan ya kawo ni kan abin da kullum yake ba ni mamaki. Mu fa ba baƙin Andalus ba ne, tun a zaure muka san ta, ba mu dai san mun san ta ba. Tuhufa da alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da ita, Ibn Asim ne ya nazamta ta, alƙalin Garnaɗa, ya rasu 1426. Alƙali Iyal mai Ashafa, da ake karantawa a watan azumi, a Sabta aka haife shi, wato Ceuta a gaɓar arewacin Afirka, ya kuma yi alƙalanci a Garnaɗa. Ibn Malik mai Alfiyya, wanda ya hana ɗalibai barci, ɗan Jayyan ne, garin da Sifaniyawa ke kira Jaén, arewa da Garnaɗa, ƙasar zaitun iya ganinka. Ishiriniya da ake rerawa a Maulidi, Alfazazi mutumin Andalus ne. Muwaɗɗar da ke hannunmu, ruwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ce, a Kurɗuba ya rasu a 848. Har mutum ma sun aiko mana: Abu Ishaƙ Assahili, ɗan Garnaɗa, ya haɗu da Mansa Musa a hajjin 1324, ya biyo shi Mali, a Tumbutu ya rasu. Jagoran da kamfani zai ba ku da wuya ya ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba a koya masa don ku ba. Wannan guzuri ku za ku tafi da shi.

Ranar 2 ga Janairu 1492 Abu Abdullahi, sarki na ƙarshe, ya miƙa Garnaɗa ga sarakunan Kirista Fadinandu da Isabela, bayan kusan shekara 800 da ƙetarowar Ɗariƙu ɗan Ziyadu da rundunar Musulmi zuwa Andalus a 711. Ba zan shiga wannan ba, laccar wata rana ce.

Ina muke? Na huɗu... a'a, na uku ko? Malam ya nuna mini agogo. To jagora, a gurguje. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Ku nemi mai lasisin gwamnatin yankin Andalus, yakan rataya katinsa a wuya. Ku nemi ƙaramin ayari. Ku tambaya tun kafin biya ko yana karanta Larabci, akwai su, musamman a Garnaɗa. Akwai kuma zagayen da ake cewa kyauta ne, a ƙafa ake yi cikin gari, amma a ƙarshe kowa yana ba da abin da ya sawwaƙa, kada ku zame ku ba mu kunya. Abinci kuwa, naman alade yana ko'ina, har kitsensa a cikin wasu kayan maƙulashe, ku riƙa tambaya. Kifi da ƙwai da dankali ba su da matsala, kuma a gindin unguwar Albaicín akwai gidajen abinci na 'yan Maroko. Sifaniyawa ba sa cin abincin dare sai wajen ƙarfe 9. Matan da za su miƙo muku ɗan ganye a bakin coci, kada ku karɓa, duba za su yi muku a tafin hannu su nemi kuɗi. Ga hannu can a baya. Bismillah, Malama.

[Wata daga cikin mahalarta ta tambaya ko mutum zai iya yin salla a masallacin Kurɗuba in ya je.]

Yauwa, Allah ya saka da alheri, Malama, kin tuna mini alkawarin da na ɗauka. Amsa a taƙaice: a'a. Tun 1236 da Fadinandu na Uku ya ci garin aka mai da ginin coci, kuma a 1523 aka fara gina babbar majami'a a tsakiyarsa. Har yau hukumar cocin ce take riƙe da shi, suna ibadarsu a ciki. Musulmin Sifaniya sun sha neman a ba su dama, ba a ba su ba. A 2010 wasu matasa Musulmi da suka zo daga Ostiriya sun tayar da salla a ciki, aka yi hatsaniya da masu gadi, har 'yan sanda suka kama wasu. Don haka shawarata, kada ki gwada. Masu gadin suna lura, ko doguwar tsayuwa kika yi a gaban mihirabi za su matso.

Amma ki shiga, ki ga dajin ginshiƙan nan sama da 850, da bakunansu masu ja da fari hawa biyu. Ki tsaya a mihirabin da Halifa Alhakam na Biyu ya gina bayan 961, wanda aka ƙawata da 'yan duwatsun gilashi masu ruwan zinariya, gwanin aikin daga Ƙusɗanɗiniya, wato Istanbul ta yau, aka aiko shi. In kina da alƙibla a wayarki ki duba, za ki ga mihirabin ya fi karkata kudu, alhali Makka tana wajen gabas maso kudu. Masana sun yi ta bayani a kan dalilin haka. Salla kuwa, ki yi ta a masauki, ko ki haɗa azahar da la'asar tunda matafiya ce ke. In kin isa Garnaɗa, akwai masallaci a saman Albaicín, an buɗe shi a 2003, kusa da dandalin San Nicolás inda ake tsayawa a hango Alhambra. Akwai wurin alwala, akwai ɓangaren mata, ana Juma'a. Hawan tudun dai da wahala, Malama, ki sa takalmi mai laushi, ko ki hau ƙaramar bas daga Plaza Nueva.

Malam, akwai sauran minti ɗaya? Babu. To wanda ke da tambayar biza ya same ni a waje. Wassalamu alaikum.