Jar fitilar Valparai

Dubi wannan jar fitilar da ke walƙiya a saman dogon ƙarfe. Duk wanda ya hango ta daga nesa ya san giwaye na kusa, sai ya dakata ko ya sake hanya.

Nan Valparai ke nan, a kan tsaunukan Anamalai da ke jihar Tamil Nadu, kudancin Indiya. Da can ƙungurmin daji ne. Zamanin mulkin Turawan Ingila aka sare shi aka dasa ganyen shayi, ya rage 'yan guntayen daji jefi-jefi a tsakanin gonaki. Yau mutum wajen 70,000 ne ke zaune a nan, galibinsu leburorin gonakin shayi. Su kuwa giwaye ba su daina bin hanyar kakanninsu ba. Ganyen shayi bai dame su ba, wucewa suke yi daga wannan guntun daji zuwa wancan, domin babbar giwa na iya cin abinci kilo 150 a yini, kuma ba wuri ɗaya da zai ishe ta.

Daga 1994 zuwa 2013, fiye da mutum 40 giwaye suka kashe a yankin. Da wani masani mai suna Ananda Kumar, na ƙungiyar Nature Conservation Foundation, ya bi diddigin mace-macen ɗaya bayan ɗaya, sai ya gano abin da ya sauya komai. Mafi yawan mamatan kiciɓis suka yi. Mutum ya sauka daga mota da dare, ya kama hanyar gida cikin duhu da hazo, bai ankara ba sai ga shi gaban giwa da ɗanta. Ita ta firgita, shi ya firgita. Da ya san tana nan, da bai bi ta wurin ba.

Ashe labari ne ya yi ƙaranci. Sai aka sa masu bin sawun garke kullum, mazauna kuma suna bugo waya idan sun gani. Aka fara rubuta inda giwayen suke a ƙasan allon talabijin na garin. Daga 2011 aka shiga tura saƙon tes, da Tamilanci da Ingilishi, ga waɗanda ke zaune kusa da garken. Fitilun nan kuwa kowace da layin waya a cikinta. Ɗan sa kai na unguwa ya kira lambar, fitila ta kama. Wannan ya fi burge ni, saboda makullin na hannun mutanen da abin ya shafa.

Mace-mace suka ragu daga kusan uku a shekara zuwa kusan ɗaya, wasu shekarun ma ba a rasa kowa ba. A 2015 aka ba Ananda Kumar lambar yabo ta Whitley, wadda ake ba masu aikin kare namun daji da muhalli, a Landan.

Da sauran aiki. Giwaye na fasa shagunan rabon shinkafa da kicin ɗin makarantu, shi ya sa ake nisanta ma'ajiyar abinci da ɗakunan kwana. Ana kuma roƙon jama'a su daina taruwa suna kora da ihu da wasan wuta, don garken da aka tarwatsa ya fi haɗari, kuma ɓarnarsa ta fi yawa. Idan an ba su hanya, yawanci su da kansu suke wucewa.