Ɗan garuwan da ya faɗi da azahar

Auwal: Jama'a barkanmu da war haka. Sista Binta, shekaranjiya a bakin kasuwa wani ɗan garuwa ya yanke jiki ya faɗi da tsakar azahar, yana ta sambatu. Kafin ka ce kwabo an yi masa zobe, wani na tofi, wani ya ruga kemis sayo farasitamol.

Binta: Jarkokinsa kuma cike a cikin kura, ko?

Auwal: Maƙil!

Binta: To ai maganin yana nan cikin kurar, Malam Auwal. Idan zafin jiki ya haura digiri 40, mutum ya rikice ko ya suma bayan shan rana, bugun zafi ke nan. Abin da muke so shi ne a sauko da zafin cikin minti 30. A ja shi inuwa, a tuɓe masa riga, a kwarara masa ruwa, sannan a nemi adaidaita.

Hadiza: Tsaya Sista. Farasitamol ɗin fa? Mu da jiki ya yi zafi shi muke nema.

Binta: Wannan na zazzaɓi ne, inda ƙwaƙwalwa da kanta ta ɗaga zafin. Nan kuwa daga waje ya shigo ya fi ƙarfin jiki. Ba abin da ƙwayar za ta yi, ga hanta da ma a wahalce take. Kuma wanda bai san inda kansa yake ba, kada a ɗura masa ruwa a baki, zai shaƙe.

Hadiza: A asibiti ya kuke yi?

Binta: Mafi sauri shi ne a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara har wuya, wani ya tallafe kansa. In babu baho, sai tamfol: a kwantar da shi a kai, mutum huɗu su ɗaga gefuna, a zuba ruwa da ƙanƙara ana jijjigawa. A Phoenix ta Amurka har jakar saka gawa suke cikawa da ƙanƙara su sa mai rai a ciki.

Auwal: Subhanallahi! Ya farka ya gan shi a nan, ai sai ya sake suma.

Binta: Gara hakan dai. Ana auna zafin jikin ta dubura, don na hammata yaudara yake yi. Da ya sauko wajen 39 sai a fito da shi, kada sanyi ya yi masa yawa.

Hadiza: Mu da wuta ba ta zama, ina ƙanƙara?

Binta: Kin san yadda randa ke sanyaya ruwa? Tana tsattsafowa, iska na busarwa. Haka za a yi wa fatarsa: a yayyafa ruwa, a yi ta fifita da mafici ko kwali, ya bushe a ƙara. Dabarar da aka gina gadon sanyaya alhazai a Makka da ita ke nan wajen 1980, ruwa na feshi, iska na kaɗawa.

Auwal: Amma duk da haka a Hajjin 2024 sama da mutum 1,300 suka rasu.

Binta: Zafi ya kusa digiri 52, kuma yawancinsu ba su da izinin Hajji, babu tanti mai sanyi, babu bas. Wani abu kuma: lokacin bazara ne sanƙarau ke yawo, kada a ɗauka bugun zafi ne ya kayar da mutum alhali shi ne. Ko ya farfaɗo yana cewa garau yake, a kai shi a duba.

Hadiza: Malam Auwal, kai me ka yi ranar?

Auwal: Ni? Wallahi ni ne na ba da kuɗin farasitamol ɗin.