Shiga soja da sauƙi, zama a ciki ne aiki

Kalli wannan layi. Samari ne, kowa da fayil ɗin takardunsa a hammata, an cire riga ana gwada tsawo da faɗin ƙirji. Duk lokacin da rundunar sojan ƙasa ta Najeriya ta buɗe ɗaukar kurata, haka ake cika maƙil. A Ingila da Jamus da Japan, hukuma ce ke lallashin matasa su sa kaki. Mu nan rashin aikin yi ya ɗauke wa gwamnati wannan wahalar.

Wanda ya tsallake, galibi sai Daffo ta Zariya, wadda ke horar da kurata tun 1924. Kamar wata shida na gudu da faretin safe da aski ƙwal, ya fito soja. Hafsoshi kuma Kaduna ake kai su, makarantar NDA.

To ina matsalar take? Tana bayan an fito.

A watan Yulin 2020, sojoji 356 suka nemi ajiye aiki lokaci guda, zamanin da Janar Tukur Buratai ke shugabantar rundunar. Dalilin da aka rubuta wa yawancinsu shi ne aikin ya fita ransu. Ka yi tunani: a ƙasar da ake neman hanya da ƙafa kafin a samu gurbi, mutum ya miƙa bindiga da kansa ya ce ya yafe. Kuma wanda ya tafi ba sabon kurtu ba ne. Kofur ne ko saje da ya sha ƙurar Sambisa, ya san ƙasar da aka tona aka binne bam da ganin ido. Wata shida a Zariya ba ta koyar da wannan.

Koken nasu ba ɓoyayye ba ne. A kai mutum bakin daga ya shekara uku, huɗu, ba a canje shi ba. Yaron da ya bari a goye ya dawo ya tarar yana zuwa makaranta. Ga alawus da ke makara. Ga matan waɗanda suka rasu suna zarya a ofisoshi kan haƙƙin mazajensu. Sannan aikin ya yi wa rundunar yawa, don kusan babu jihar da ba a girke soja ba, har aikin da asalinsa na ɗan sanda ne.

Wani lokaci tura takan kai bango. A watan Mayun 2014, a barikin Maimalari da ke Maiduguri, sojoji sun buɗe wa motar kwamandansu, Manjo Janar Ahmadu Mohammed, wuta, bayan an kawo gawarwakin abokansu da aka yi wa kwanton ɓauna a hanyar dawowa daga Chibok. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri.

Sai batun kuɗi. Kar wani ya ce maka ba a warewa. Tsaro na cikin masu kaso mafi tsoka a kasafin kowace shekara. Amma a 2015 aka kama Kanar Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, bisa zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai, zargin da ya musanta. Kuma makami da dala ake sayensa. Jiragen Super Tucano 12 da suka iso daga Amurka a 2021 sun ci kusan dala miliyan 500. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, don haka kasafin yana kumbura a takarda, abin da yake iya saye yana raguwa.

Shi kuwa sojan da ke cikin rami a Marte ko Zurmi, lissafinsa bai kai nan ba. Kuɗin abincinsa na yini naira 1,500 ne, sai a 2025 aka mayar da shi 3,000. A ciki zai yi karin kumallo, ya ci na rana, ya ci na dare.